Tsoho Gaba, Sabo Baya

Asabar, ƙarfe takwas na safe

Na buɗe shago. Babansu ya ce in bari sai Litinin, na ce masa jariran garin nan ba su san Litinin ba. Mai sayar da kayan jarirai ba ta rufe ƙofa don ranta ya ɓaci. Tun da na kama shagon nan ban taɓa barin sa a rufe wuni guda cur ba sai jiya.

Katan-katan ɗin madarar da motar kamfani ta sauke ranar Alhamis suna nan yadda muka bar su, rabi a cikin sito, rabi a bakin ƙofarsa. Ɗaya ya fashe a gindin tsani, gwangwanaye sun gangara har ƙarƙashin kanta. Na durƙusa na tsince su. Biyu sun lotse, ba za su sayu ba.

'Yata Auta tana asibiti har yanzu. Ita ke riƙe da sito tun da ta gama makaranta, ko da ta yi aure ban sa kowa a madadinta ba. Makullin siton yana cikin jakarta, shi ya sa ƙofar ta kwana biyu a buɗe. Ba zan sa a canza kwaɗo ba. In ta dawo ta rufe abinta.

Na wanke simintin da ke gindin tsani. Sai da na canza ruwa.

Asabar, bayan la'asar

Mai takalma, maƙwabciyata a layin nan, ta shigo ta riƙe mini hannu ta yi ta sannu. Da ta tsaya a nan da na gode mata. Sai ta fara cewa ai da Dogo ya zo da wuri ranar, da ba a kai ga haka ba. Dogo shi ne ɗan dakon da ke shigar mana da kaya. Na ce mata abin da Allah ya rubuta ba Dogo ne zai goge shi ba, kuma ga mai saye can yana jiran ta.

Bakin mutane ba ya gajiya. Ciki ba ciwo ba ne. Ni biyar na haifa, kuma ranar da na haifi Auta da safe ni na shigar da kaya da kaina, da yamma na sauka lafiya. Matan yanzu daga wata uku sai kwanciya da waya a hannu. Ni ban tarbiyyantar da 'yata haka ba, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Cikinta wata bakwai ne. Ni ma na yi aiki da wata bakwai.

Lahadi, da hantsi

Takalman Babansu har yanzu da jar ƙasa a jikinsu, tun Juma'a da suka je maƙabarta suka dawo shi da mijin Auta. Na ɗauko tsumma zan goge, ya ce in bar su.

Ya ce namiji ne. Ban tambaye shi ba.

Litinin, bayan azahar

Na je asibiti da abinci a kula. Mijinta ya tare ni a baranda, ya rusuna ya gaishe ni yadda ya saba, yaron yana da ladabi, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Amma bai matsa daga bakin ƙofa ba. Ya ce barci take yi, likita ya ce kada a tashe ta. Ta saman kafaɗarsa na hango ta, ta juya wa ƙofa baya. Ƙafarta tana motsi a ƙarƙashin zani. Tun tana ƙarama in tana barcin ƙarya haka ƙafarta ke yi.

Na ba shi kular, na ce ya tabbatar ta ci da zafinsa. Da yamma ya aiko da ita shago a hannun wani mai babur. Da na ɗaga na ji nauyinta ban buɗe ba.

Talata, ƙarfe tara na safe

Wata ya zo ƙarshe, dole a ƙirga kaya kafin a rubuta wa kamfani abin da za su kawo. Aikin Auta ne, yau ni zan yi. Zama da tunani bai taɓa cika kanta ba.

Dokokin shagon nan ba su da yawa, kuma tun tana tsayawa a kan kujera kafin tsawonta ya kai kantar shago na koya mata su. Tsoho gaba, sabo baya: abin da ya fara shigowa shi zai fara fita, don kada madara ko hoda ta tsufa a lungu a sayar wa jaririn mutane. Ba abin da ke fita sai an biya, ko ni ce zan ɗauka. Ba a ajiye wa kowa kaya ya wuce kwana uku, kaya ba ya jiran mutum. Waɗanda suka buɗe shago tare da ni a layin nan duk sun rufe, saboda wannan ƙanwa ce, wancan ɗan yaya ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na shiga siton na tarar da komai a jere yadda na koya mata, har ya fi yadda nake yi. Ta juya kowane gwangwani kwanan watansa yana kallon waje. Na daɗe a tsaye.

Huluna sun ragu da ɗaya. Fidar shan madara ma ta ragu da ɗaya. Wataƙila idona ne.

Laraba, da yamma

Ba idona ba ne. Safa ta ragu da ɗaya, rigar sanyi ɗaya, man shafawa ɗaya, hoda ɗaya, tawul ɗaya. Shawul mai ruwan ɗorawa, wanda ya fi kowanne tsada, shi ma babu. Ɓarawo mai wayo ne, daga kowane dozin guda ɗaya yake zarewa don kada gurbin ya nuna.

Bayan ni da Auta, Dogo kaɗai ke taka siton nan. Na kira shi na tambaye shi kai tsaye, ni ba na zagaye-zagaye. Ya cire hula ya sosa furfurarsa.

"Uwar ɗakina, ni da autana ya fara aske gemu, wa zan sa wa safar jariri? Ko babban yatsana ba zai shiga ba."

Na ce masa ba wasa na kira shi ba. Ya ce shi ma ba wasa yake ba, shekarun da ya yi yana shigar mini da kaya ko allura ba ta taɓa bin sa gida ba. Daga nan ya kalli tsanin, ya ce ranar Alhamis ɗin tayar kurarsa ce ta yi faci a hanya, yana isowa ya ga ana sa Auta a mota. Ya ce da an ɗan jira shi.

Na ce ya kwashe katan-katan ɗin nan ya shigar da su ciki, ya daina surutu. Ya shigar. Ya ƙi karɓar kuɗin dako.

Alhamis, ƙarfe goma na safe

Motar kamfani ta zo. Dogo bai iso ba tukuna. Direba ya fara danna hon kamar makon jiya, yana cewa yana da shaguna goma a gaba. Na ce masa ba mai taɓa katan sai Dogo ya zo, in yana so ya juya da kayansa. Ya yi tsaki, ya kashe mota, ya sayi ruwa ya zauna a inuwa.

Ashe yana iya jira.

Juma'a, bayan magariba

An sallame ta. Gidan uwar mijinta aka wuce da ita. A bakin Babansu na ji.

Yarinya in ba ta da lafiya wurin uwarta take zuwa, haka duniya ta gada. Na share ɗakinta tun shekaranjiya, na shanya katifa, na canza labule. Ba komai. Ɗaki ba ya lalacewa don an share shi.

Asabar, da safe

Na kira wayarta sau uku. Tana shiga, ba a ɗauka.

Lahadi, bayan la'asar

Na tura mata saƙo. Na ce ta yi haƙuri, haƙuri maganin zaman duniya. Na ce ba a kanta aka fara ba, wasu sun rasa biyu, wasu uku, kuma suna nan da ransu. Na ce yawan kuka butulci ne ga wanda ya bar ta da numfashi, kuma zaman ɗaki yana ƙara wa zuciya ciwo, gara ta daure ta fito sito in ta ji ƙarfi. Wayar ta nuna ta karanta.

Na ba Babansu ya duba ko akwai kuskure. Ya karanta a hankali, ya miƙo mini, ya ce babu kuskure ko ɗaya, amma wa'azi na aika ko gaisuwa? Na ce gaskiya na aika. Ya ce ai gaskiyar ce ba ta cika ba. Ya sa takalminsa ya fita, wancan ɗin mai jar ƙasa.

Namiji bai san komai ba game da renon 'ya mace. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Da na biye masa da yanzu ko tsintsiya ba ta iya riƙewa ba.

Talata, da azahar

Na je neman kwalin da zan zuba gwangwanayen da suka lotse. A kanta ta can sama muke tara kwalayen da babu komai a ciki, a ninke. Na daɗe ban hau tsanin nan ba saboda gwiwata, Auta ke hawa. Ban san ya miƙe haka ba. Matakala ta uku tana rawa, ƙusarta ta kwance. Ba ta taɓa faɗa mini ba. Ko ta faɗa, ban sani ba.

A bayan ninkakkun akwai kwali ɗaya da ba a ninke ba. Na jawo shi, ba nauyi.

Shawul ɗin ne a sama. Ƙarƙashinsa hula, safa, rigar sanyi, tawul, fida, hoda, man shafawa. Duk mafi ƙanƙanta, na sabon haihuwa. Ta naɗe kowanne a leda don ƙura. Ba shuɗi, ba ruwan hoda, duk fari da ruwan ɗorawa, saboda ba ta san me za ta samu ba.

Na tuna ranar da shawul ɗin nan ya zo. Ta shafa shi a kumatunta ta ce, Mama a ajiye mini wannan. Na ce mata doka ba ta san 'yar mai shago ba, in lokaci ya yi ta saya kamar kowa, kuma kada ta yi wa Allah gaggawa. Ta yi dariya ta ce to, ranki ya daɗe manaja. Haka take kirana in tana son ta ja ni da wasa.

Na mayar da kwalin inda yake. Na sauko na zauna a kan katan ɗin madara har wata mai saye ta gaji da sallama ta tafi.

Talata, bayan isha'i

Ɗauka ba izini ɗauka ce, ko 'yar cikinka ta yi. Na koya mata. Ta sa na zargi bawan Allah a banza.

Laraba, da asuba

Ban san me ya sa na rubuta na jiya ba.

Laraba, da yamma

Na ba Dogo haƙuri, na ce kayan sun fito. Bai tambaye ni inda suka fito ba. Ya je ya samo guduma ya buga wa matakalar ƙusa biyu, ya hau ya yi tsalle a kai don in gani.

Kafinta ma ya zo. Wata biyu da suka wuce na ba shi aikin ƙaramin gado mai shinge, ban gaya wa kowa ba, har Babansu. Na so ranar da za a kawo ta gida ta tarar da shi a ɗakinta, cike da duk abin da ke shagon nan, ɗaya daga kowane dozin. Ya shigo yana murna wai ya gama, saura fenti, wane launi nake so? Mai takalma ta yi ta yi masa alama da ido daga bakin ƙofa, bai gane ba. Na ce ya bar shi a wurinsa ba fenti, zan neme shi.

Da ta bari, ai duk nata ne. Me ya sa ba ta bari ba?

Me ya sa ban faɗa mata ba?

Asabar, bayan azahar

Wata yarinya ta zo da tsohon ciki, ita da uwarta. Uwar ce ke riƙe mata jaka, jakar hannu fa, wadda ko kyanwa za ta iya ɗauka. Suna shigowa ta jawo kujerata ba tambaya ta zaunar da ita, tana yi mata fifita da gefen mayafi. Irin wannan shagwaɓa ce ke lalata yara. Na buɗe baki zan faɗa, na rufe.

Sun sayi baho da kunzugu da sabulu. Sai yarinyar ta ce wata ƙawarta ta sayi shawul mai ruwan ɗorawa a nan, irinsa take so. Na ce ya ƙare a kanta. Uwar ta ce in duba sito mana, ko guda ɗaya ne za su ƙara kuɗi. Na ce akwai ɗaya, amma an ajiye wa wata.

Mai takalma tana tsaye tana neman canji. Bayan sun tafi ta ce yau ko rana ta yamma ta fito, a shagon nan ake ajiya? Na ba ta canjinta.

Lahadi, da yamma

Na je gidan. Uwar mijinta ta karɓe ni da mutunci, ta kawo ruwa, ta shiga ta kira ta. Na zauna ina kallon agogon bangonsu.

Ta fito tana bin bango. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo. Ta durƙusa daga nesa ta ce, ina wuni Mama, kamar yadda ake gaishe da ƙawar uwa. Na tambayi jiki, ta ce da sauƙi. Abinci fa, ta ce tana ci. Barci, ta ce tana yi.

Tun a hanya na shirya abin da zan faɗa. Da na buɗe baki sai na ji ina ba ta labarin kamfani ya ƙara wa madara kuɗi, kunzugu ƙanana sun yi wuya, Dogo ya gyara tsani. Da na ambaci tsani ta ɗago ta kalle ni, sau ɗaya, ta mayar da kai. Na ce sito yana jiran ta. 

Gaban rigarta ya jiƙe da ruwan nono muna zaune. Ta ja mayafi ta rufe. Na san abin da ake yi ya tsaya, na san yadda ake ɗaurewa. Uwar mijin ce ta taso ta kama ta suka shiga ciki.

Ruwan da aka kawo mini ban sha ba.

Laraba, da hantsi

Ba kowa. Na goge kantoci. Na sake goge su.

Alhamis, da safe

Mota ta zo, ta jira Dogo. Na sa ya sauko da duk wani abu mai nauyi zuwa kanta ta ƙasa, sama sai auduga da tawul. Ya ce haka ya kamata tun da. 

Litinin, bayan azahar

Ta zo.

Da sassafe ne, ina share bakin ƙofa. Mijinta ya sauke ta ya tsaya a tsallaken titi bai kashe babur ba. Na ga haka, amma na ce wa zuciyata wataƙila sauri yake zuwa aiki. Na jawo mata kujerata. Ba ta zauna ba, ta wuce sito kai tsaye ta dafa tsani.

Na ce, "Kar ki hau."

Ta juyo ta kalle ni. Ban taɓa ganin wannan kallon a fuskarta ba, ba fushi a ciki, da fushi ne da na san yadda zan yi da shi. Na hau da kaina na sauko mata da kwalin. Ba ta tambayi yadda na san da shi ba.

Ta buɗe shi a kan kantar shago. Ta cire kowanne daga ledarsa, ta kai shi wurin 'yan'uwansa. Hula wurin huluna, fida wurin fidoji. Kowanne a sahun gaba take sa shi, ta tura sababbin baya, don su ne suka fi daɗewa a shagon. Ta juya hodar kwanan watanta yana kallon waje. Na ce ta bar su, nata ne, na ba ta, har da gado na sa an yi. Ta ce ba abin da ke fita sai an biya. Da muryata ta faɗa, yadda nake faɗa.

Shawul ɗin ta bari ƙarshe. Ta ninke shi ta daidaita gefensa da na ƙasa.

Na ce, Auta, ni ma da wata bakwai na yi aiki. Ban san me ya sa wannan ce ta fito ba. Ba ita na shirya ba.

"Na sani, Mama. Tun ina ƙarama kike faɗa mini." Ta shafa shawul ɗin da bayan hannu. "Na ce miki bayana yana ciwo. Kika ce direba yana jira. Da kin ce in sauke, da na sauke."

Ta ninke kwalin ta jingina shi da bango. Ta buɗe jaka ta ciro makullin sito ta ajiye kusa da hannuna. Ta durƙusa ta ce ta tafi, a gaida Baba.

Ina da amsar kowa a layin nan. Na tsaya da tsintsiya a hannu har babur ɗin ya sha kwana.

Litinin, kafin magariba

Na rufe ƙofa na ƙirga. Huluna sun cika. Fida ta cika. Tawul, hoda, mai, rigar sanyi, shawul, duk sun cika.

Safa ta ragu da ɗaya. Na duba ƙarƙashin kanta, na buɗe kwalin na girgiza. Na tuna hannunta na hagu a dunƙule yake lokacin da ta fita.

Ba a biya ba. Allah ya sa ta daɗe a wurinta.

Talata, ƙarfe takwas na safe

Na rataye makullin a ƙusar da ke bayan ƙofar sito, inda take rataye mayafinta. Ban rufe ba.

Kafin masu saye su fara zuwa na bi kantoci ɗaya bayan ɗaya. Na san su, ko cikin dubu zan gane su. Na ɗauke hular daga gaba na kai ta can ƙarshe jikin bango, na jera sababbi a gabanta. Haka fidar, haka rigar, haka tawul ɗin. Shawul ɗin na sa shi a ƙasan duka.

Ranar Alhamis mota za ta kawo wasu. Su ma a gaba zan sa su.